Tambaya da Amsa: Babur Ɗina Na Fizga, Dila Ya Ce Wai Haka Suke

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na masu babura. Saƙonnin da suka taru min a wannan karon yawancinsu maganar mai ce, wani nasa na fizga, wani na zubar da mai, wani shan mai ya hana shi barci, sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya. Na cire sunayenku da na kamfanoni da shagunan da kuka yi kuka da su kamar yadda muka saba, gyara muke nema ba tonon silili ba.

Tambaya daga wani ɗan acaɓa a Funtuwa:

Salam Malam. Wata biyu kenan da na ciro sabon babur dal a kwali, bashi ne ma aka ba ni ina biya duk sati. Tun satin farko in na ja totur daga tsaye sai ya yi kamar zai mutu sannan ya fizga, da safe sai na ja cok na yi ta buga kik kafin ya tashi, in na tsaya sauke fasinja kuma ba ya silo sai na riƙe masa totur. Na koma wurin dilan ya ce min ai duk haka suke, in ya saba zai daina. Abokan aikina a tasha su ma sun ce nasu haka yake. Da gaske haka suke ko dai nawa ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a ya ba ka ikon sauke bashin nan lafiya. A'a, ba haka suke ba. Wallahi babu maganar da ta fi ci min rai a harkar nan kamar wannan "haka suke" ɗin, na ji ta a bakin dila, na ji ta a bakin bakanike, abin da ya fi min ciwo kuma yanzu masu baburan da kansu ke faɗa wa juna ita a tasha kamar masu yi wa juna ta'aziyya. Na abokinka na fizga naka na fizga, to ai babura biyu ne ba su da lafiya kenan.

Bari in raba maka wanda yake daidai da wanda ba daidai ba. Jan cok da asuba lokacin hunturu ba laifi ba ne, inji mai sanyi yana son mai da ɗan yawa kafin ya ɗumama, minti ɗaya zuwa biyu ka mayar da cok ɗinka. Amma a ce babur ya yi zafi, ka yi tafiya da shi, ka saki totur ya mutu, wannan ciwo ne. Kafireta aikinta ɗaya ne, ta haɗa iska da mai a kan awo, wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai in da nauyi aka auna, kuma ba ta ƙofa ɗaya take ba da man ba. Akwai ƙaramin jet da muke ce wa silo jet, shi ke ciyar da inji tun daga silo har wajen kwatan totur, daga nan allura ta karɓa har wajen kashi uku cikin huɗu, sannan babban jet ya ɗauki sauran in ka buɗe masa wuta gaba ɗaya. To duk abin da ka lissafa min, rashin silo da shaƙewa in ka ja daga tsaye, a unguwar ƙaramin jet suke. Hujinsa ko kaurin allurar ɗinki bai kai ba, ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan ɓarɓashin da ya taho daga cikin sabon tanki ya isa ya toshe rabinsa.

Kuma ka san yadda sabon babur ke zuwa hannunka. Da yawansu a kwali suke isowa, a bakin shago yara ke ɗaura taya da kai da sauransu, a zuba mai daga galan a buga kik, in ya tashi shi kenan an gama sai a miƙa maka makulli. Ba mai zama ya saita sukurun iska, ba mai duba robar da ta haɗa kafireta da kan inji ko ta zauna daidai, ba mai auna bawul. Robar nan in ta ɗan saki iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, man ya yi kaɗan, sai ka ji silo na hawa yana sauka. Bawul kuma in ya matse tashin safe ya zama wahala, mutane su yi ta zagin kafireta alhali ba ruwanta. Duka wannan aikin awa ɗaya ne a hannun wanda ya san abin da yake yi. Maganar in ya saba zai daina kuma, eh sabon inji yana da lokacin da ringi ke zama, shi ya sa ake cewa a lallaɓa shi a yi masa juyen farko da wuri, amma jet ɗin da ya toshe ba ya sabawa, ƙara toshewa dai zai yi.

Ga abin da nake so ka yi, kuma kar ya wuce satin nan. Kar ka bari bakaniken tasha ya buɗe shi tukuna, da zarar an sa masa sifana dila ya samu abin fakewa. Ɗauki rasit da ɗan littafin da ya zo da babur, ka tafi da wanda ya ba ka bashin tunda shi ma haƙƙinsa ne, ka tayar da babur a gaban dilan ka saki totur ya mutu a kan idonsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi cikin wata 3, a gyara ko a canza ko a ba shi kuɗinsa, kai kuma ka ce wata biyu, ka ga lokaci na tafiya. Ko ba dokar gwamnati ma, tambayi malamin unguwarku a kan mayar da kaya saboda aibi, babi ne sananne a fiƙihu, ba rashin kunya ba ne ba kuma rashin tawakkali ba ne. Yi magana da ladabi amma kar ka tashi daga wurin da "haka suke" a hannunka. In ka dawo tasha ka tambayi 'yan'uwanka su nawa ne suka ciro a wannan shagon da irin wannan ciwon, ku sa shugaban tasharku a gaba ku je tare, dilan da zai sallami mutum ɗaya da daɗin baki ba zai iya sallamar mutum goma ba.

Tambaya daga Azare:

Oga barka da aiki. Tun da mai ya yi tsada na kai babur ɗina bakanike ya matse min kafireta ya sauke allura, ya kuma cire soson iya kilina wai yana shaƙe inji. Gaskiya kwanakin farko na ga sauƙi, amma yanzu injin na zafi har a ƙafata nake ji, in na saki totur salansa na harbi tas tas, a hawa kuma ba ƙarfi. Me ya faru?

Amsa:

Ɗan'uwa na san abin da ya kai ka, kuma ba kai kaɗai ba ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin 'yan kwanaki ta koma wajen 500, zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Mutumin da cefanen gidansa ke cikin tankin babur dole ya nemi dabara. Sai dai wannan dabarar an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Injin irin baburanmu iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma man da ke shiga shi ma yana rage wani kaso na zafin. In aka rage man ƙasa da ƙa'ida sai cikin silinda ya yi zafi fiye da kima, farko fulogi ya yi fari fat, sannan bawul ɗin hayaƙi ya fara ƙonewa, in aka dage har fistin na iya hujewa. Harbin da salansa ke yi injin ne ke faɗa maka yunwa yake ji. Cire soso kuma shi ne mafi muni a cikin biyun, haba, a ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe rana tsaka? Ƙurar nan ta shiga ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar samfefa ta yi ta cin ringi da bulok, bayan 'yan watanni babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, kuɗin da ka rage a fetur ka ƙara wasu a kai ka miƙa wa mai ringi da fistin.

Koma yau a mayar da allura gurbin da kamfani ya sa ta, a mayar da sukurun iska, a sa sabon soso. In na soso ne ana wanke shi a shanya ya bushe sarai a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse, in na takarda ne ba a wanke shi ba a shafa masa mai, kaɗewa ake yi in ya gaji a canza. Bayan ka yi kwana biyu kana aiki ka kwance fulogi ka duba bakinsa, in ya yi kalar ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara to awo ya yi, baƙin toka busasshe mai ya yi yawa, fari mai ya yi kaɗan, baƙi mai danƙo kuma baƙin mai ne ke hawa sama. Wanda ke Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200 iska ba ta da kauri, shi kam in an ɗan rage masa mai akwai hujja, amma Azare ba Jos ba ce.

Man naka in yana tafiya ga inda ya fi bi: taya ba iska, birki na kamawa, sarƙa ta bushe ko ta yi tauri, lodin mutum uku da buhu, da kuma jet ɗin da aka sha sosa wa waya. Wannan na ƙarshen ina roƙon 'yan'uwana bakanikai su daina, jet tagulla ce mai laushi, duk sanda ka zura masa silin wayar kebur ka ƙara masa faɗi kuma ba ya komawa, a wanke da fetur a hura da iska ya wadatar. Sannan ka daina auna shan mai da zuciya. Cika tanki fal ka rubuta lambar mita, yi aikinka, ka sake cikawa fal ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. Sai ka san inda kake sannan za ka san ko gyara ya yi amfani.

Tambaya daga Birnin Kebbi:

Baba nawa lafiya lau yake tashi, amma in na yi tafiya mai ɗan nisa sai ya mutu kamar mai ya ƙare alhali akwai mai. In na huta kaɗan ya tashi. An canza fulogi sau biyu.

Amsa:

Ɗana fulogi bai yi laifi ba. Ran da ya sake mutuwa ka buɗe murfin tanki nan take ka sa kunne, in ka ji ya ja iska fuu kuma babur ya tashi, to ɗan hujin numfashi da ke jikin murfin ne ya toshe, mai ba ya sauka in iska ba ta shiga ta maye gurbinsa. A wanke murfin ko a canza. In ba ka ji komai ba a zare tiyon mai daga kafireta a ga ko yana zuba da ƙarfi, in ɗiga yake yi famfon mai ko matatarsa ce ta cika da datti. In duka biyun lafiya sai a duba kwayil, akwai wanda ke ɗauke wuta in ya yi zafi.

Tambaya daga Maraɗi:

Malam ina gaisuwa. Mu nan sau da yawa man kwalba muke sha a bakin hanya saboda shi ne kusa. Moto na ya fara tari yana ɗaukewa, ya fi yi in na juya rizab. Mai gyara ya ce ruwa ne a tanki. Yaya zan gane mai mai kyau kafin in zuba?

Amsa:

Ina amsawa Alhaji, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Mai gyaranka ya yi gaskiya, kuma maganar rizab ɗin ce ta tabbatar min. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba sa haɗuwa, ƙasan tanki yake kwanciya, rizab kuma daga can ƙasa yake ja, kenan duk ruwa da tsatsa da yashin da suka taru shi ke kwaso su ya kai wa kafireta. A ƙasan kwanon kafireta akwai ɗan sukuru na zubarwa, ka rufe famfon mai ka kwance shi ka tari abin da ya fito a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya dunƙule a ƙasa da idonka. Amma wannan rage zafi ne, maganin shi ne a sauke tankin a juye shi kaf a wanke a bar shi ya bushe, in ya fara tsatsa a ciki a yi maganinta tun kafin ta huda shi, sannan a sa 'yar ƙaramar matata mai haske a jikin tiyo. A duba robar murfin tanki ma, da damina da wurin wankin babur ta nan ruwa ke shiga, ba kullum mai sayar da mai ne da laifi ba.

Man kwalba yana da abu ɗaya da ya fi famfo, kana ganin abin da kake saye. Ɗaga kwalbar sama ka kalli gindinta, in ka ga wani layi ya rabu a ƙasa ko man ya yi dishi-dishi ajiye masa abinsa. Ka riƙa yawo da 'yar farar takarda, ɗiga ɗigo ɗaya ka jira kaɗan, fetur zalla zai tashi ya bar takardar ba tabo, in an haɗa da gas ko kalanzir zai bar maiƙo. Kuma kar a zuba maka ba tare da an tace ba, ko da tsumma mai tsafta ne a bakin mazurari.

Amma kar masu karatu su ɗauka 'yan bumburutu kaɗai nake nufi. Ku a Nijar kuna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, mu kuma a Najeriya mun daɗe muna shan na waje, kuma a watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur da kanta ta fito ta ce an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, an ce daga Antwerp ta Beljiyam aka yi lodinsa, ta gidajen mai masu lasisi ya shiga tankunan mutane, aka yi makonni ana layi, mutane suna kukan injinansu. Abin da ya tsaya min a rai tun lokacin shi ne yadda yawancin masu babura da na sani suka gyara da kuɗinsu suka yi shiru, ba rasit ba ƙorafi. Gidan mai ma tankinsa na ƙarƙashin ƙasa na iya shan ruwa da damina, famfonsa na iya tauye mudu. In ka sha mai a wuri babur ya rikice nan take, ɗebi kaɗan daga tankinka a kwalba ka koma ka nuna wa manaja, in ya raina maka hankali hukumar da ke ba shi lasisi tana karɓar ƙorafi.

Saƙo daga wani mai sayar da kayan gyaran babur a Zariya:

Malam kullum kuna zagin jabun kaya kamar mu ne mugaye. Ni na sha kawo kafireta 'yar kamfani ta yi wata da watanni a kanta ba wanda ya taya, kowa ya zo mai araha yake tambaya. Talaka ba shi da kuɗin ɗan kamfani, mu ma ciniki muke nema. A riƙa yi mana adalci.

Amsa:

Alhaji na gode da ka rubuto, kuma rabin maganarka gaskiya ce tsantsa, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu masu saye mu muka koya wa kasuwa cewa za mu karɓi komai in dai da sauƙi. Ba ni da rigima da wanda ya ajiye kaya kashi biyu ya ce wannan mai kyau ne kuɗinsa kaza, wannan lamba biyu ne kuɗinsa kaza, zaɓi ya rage naka. Rigimata da wanda ke sa lamba biyu a kwalin lamba ɗaya ce, wannan algus ne kuma ni da kai mun san abin da hadisi ya faɗa a kan mai algus.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa talaka ne ke amfana da mai araha. Na sha buɗe irin waɗannan kafiretocin, jet ba lamba a jikinsa ko lambar daban hujin daban, bakin allurar fulot da ke tsayar da mai ba ya rufewa sosai sai obafulo, wato mai ya cika kwano ya riƙa zuba, ƙarfen jikinta mai laushi sukuru biyu ka ɗaure zaren ya cinye, silayid ya fara lilo tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya saye ta kullum yana biyan bambancin kuɗin a gidan mai ba tare da ya sani ba, mai kuɗi ya saya sau ɗaya talaka ya saya sau uku. Shi ya sa nake ce wa masu babura kar ku yarda a cire muku kafiretar da ta zo da babur a jefar don kawai ta toshe, yawanci wanki da sabuwar allurar fulot da gasket take buƙata, in an ce lallai sai an canza to karɓi tsohuwarka ka tafi da ita gida.

Kuma a daina cewa kayan Indiya ko na Caina haka suke. Bajaj da TVS na Indiya ne, Haojue da Jincheng na Caina ne, a can gidajensu gwamnati ta matsa musu da dokar hayaƙi, Indiya ta fara aiki da matakin BS6 a watan Afrilun 2020, Caina ta tsaurara tata a 2019, dole yawancin baburan da ake sayarwa a can suka koma injekta, wato masu fesa mai da kwamfuta maimakon kafireta. Mu nan har yanzu masu kafireta ake kawo mana, kuma ni ban ga aibu a wannan ba, kafireta ko a ƙauye ana gyara ta da sukudireba. Abin da nake nunawa shi ne masana'antun ƙasashen nan sun iya aiki mai kyau, abin da ɗan kasuwa ya yi oda aka yarda ya shigo da shi shi suke ƙerawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya na da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, amma ko ta yi aikinta ko ba ta yi ba, kai da kake zuwa sari kai ne ƙofar farko. Faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin kwalin kawai nake roƙonka.

Tambaya daga Abuja:

Ranka ya daɗe, na sayi babban babur ɗan kwatano mai injekta. A kan titi lafiya lau, amma a cikin go-sulo in na ɗan taɓa totur sai ya zabura, in na saki ya dafe kamar an taka birki. Na bincika na ga har Turawa masu irinsa suna cewa halinsa ne.

Amsa:

Yallaɓai ka ga kenan "haka suke" ba Bahaushe kaɗai ke faɗinta ba, su ma can sun sayi abu da tsada sun haƙura da shi, wasu su ƙara kuɗi a sake musu saitin kwamfutar babur, aikin da ya kamata a ce kamfani ya gama kafin ya sayar. Akwai dalilin abin. Dokokin hayaƙi na Turai, Euro 4 da ta fara a 2016 da Euro 5 a 2020, sun sa ana saita injina su sha mai kaɗan a ƙaramin totur, kuma da yawa in ka saki totur kwamfutar na yanke man gaba ɗaya, in ka sake taɓawa ya dawo lokaci guda, wannan ne zaburar da kake ji. Amma kafin ka ɗora wa kamfani duba naka ɓangaren, babur ne da wani ya gama hawa. Sarƙa in ta saki tana ninka fizgar, haka wasan kebur ɗin totur in ya yi yawa. A wanke maƙogwaron iska, a duba na'urar da ke karanta totur da ta cikin salansa, musamman in an canza salansar, a gwada batir don injekta ba ya son wuta mai rauni. Famfon da ke tura mai na injekta a cikin tanki yake kuma man ne ke sanyaya shi, saboda haka ɗabi'ar nan tamu ta zuba lita ɗaya lita ɗaya kashe shi take yi, kar ka bari ya sauka ƙasa da kwata. Ka nemi mai na'urar karanta kwamfuta, kar ka ba wanda zai fara da yanke waya.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Katsina:

Malam ina da roba-roba da maigida ke kai ni makaranta da ita. Duk dare in an shigo da ita zaure da safe sai mu ga mai ya ɗiga a ƙasa, gidan duk wari. Ya ce haka suke yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba saboda yara.

Amsa:

Malama hankalinki ya faɗa miki gaskiya, kuma a duk saƙonnin yau naki ne ba ya jiran gobe. Wannan obafulo ne, allurar da ke rufe mai in kwanon kafireta ya cika ce ta gaji ko datti ya tokare ta, ko fulot ya huje, ko kuma tiyon mai ne ya tsage. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya kwanta a zaure, ashana ko risho ko maganin sauro na kunnawa ya ishe shi. Wani lokacin ma man na gangarawa cikin inji ya tsinka baƙin mai, don haka a shinshina baƙin man, in yana warin fetur a yi juye. Ki nuna wa maigida wannan amsar ki ce ina gaishe shi, gyaran ba shi da tsada ko kaɗan. Kafin a kai ta gareji, daren yau a rufe famfon mai in tana da shi, a bar ta a tsakar gida inda iska ke kaɗawa nesa da madafa da janareta, a zuba yashi a inda man ya ɗiga a kwashe.